Na Shayar da Ƙanwata Ragowar Rubutun Ƙwari

Zuwa ga Malama Zainaba, mai amsa tambayoyin mata a zaman Alhamis.

Assalamu alaikum. Inna, don girman Allah ki taimake ni, ki duba takardata kafin sauran da aka kawo miki. In za a karanta ta gaban mutane, kada a ce daga wane gida ta fito.

Ni yarinya ce, na yi sauka, yanzu ina karatun littattafai wurin malamarmu. Ba ni da yawan magana, ko tambaya a makaranta sai na yi ta juya ta a baki har a tashi. Gidanmu yana wajen Ƙofar Dundaye. Muna da garka a bayan gida, da rijiya, da wake da kuɓewa da yakuwa, kuma ni ke ban ruwa da safe. Na san duk mazauna wurin: hawainiyar da ke kan lalle, kwaɗin bakin rijiya, da ƙoƙi-ƙoƙi. Waɗanda na fi so su ne wasu ƙananan ƙwari jajaye, masu bayan ƙoƙo da ɗigo-ɗigon baƙi, girmansu bai kai ƙwayar wake ba. Ban san sunansu ba. Gwaggo, yayar babanmu, tana kiransu ƙwarin agana. Ta ce ɗigon bayansu zanen cutar ne, kuma shekarar da agana ta ɗauke mata yara biyu, garkarta cike take da su.

Bana sun yi yawa a kan waken, ganyen kuma ya naɗe yana danƙo. Sai na ga wasunsu ba su da lafiya. Kowane ya tsaya cak a ƙarƙashin ganye, ya rungume wani ɗan dunƙule kamar auduga, ba ya tafiya, ba ya ci, sai karkarwa in an taɓa shi. Da na ɗauki ɗaya sai ya zubo mini ruwa rawaya mai wari a yatsa. Tausayi ya kama ni. Na tsinko ganyen da suke kai, na zuba a ƙoƙo, na ɓoye bayan tulu a ɗakin da muke kwana da ƙanwata. Zan kira ta Ladi, ko da yake ba sunanta ba ne. Shekararta huɗu.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Na ga in mutum ba shi da lafiya ana yi masa rubutu, sai na ɗauki allona na rubuta ayoyin neman waraka, na wanke. Na riƙa tsoma tsinke ina ɗiga wa ƙwarin, ina mayar da tsinken cikin ruwan. Da na gama, ruwa ya rage da yawa. Kin san ba a zubar da rubutu a ƙasa. Ina tsaye ina tunani sai Ladi ta shigo tana cewa ƙishi take ji, Yaya a ba ta ruwa. Na miƙa mata, ta shanye, har ta ce a ƙaro.

Yanzu ƙuraje sun fito mata a wuya da baya da ƙarƙashin hammata, ƙanana jajaye. Tana susa tana kuka, ko da yake tana cin tuwonta, jiya ma ta bi 'yan awaki da gudu. Na ɗaura mata zane har wuya don kada mahaifiyarmu ta gani, na ce ni zan riƙa yi mata wanka. Gwaggo ta riga ta fara gaya wa Baba a cinna wa garkar wuta tun kafin ƙwarin nan su shigo gida. Ba ta san ni na shigo da su ba.

Inna, agana na shayar da ita? In na faɗa, da wane ido zan dubi mahaifiyarmu? In na yi shiru ta mutu fa? Ki gafarce ni da munin rubutu.

Ɗiyarki mai jin tsoro.

AMSA

Wa alaikis salam, ɗiyata. Ja numfashi tukuna. Ƙwaron nan ba ya ɗauke da agana. Agana daga mutum take zuwa ga mutum, ta numfashi da tufafi da shimfiɗa. Ban taɓa ganin wanda ya same ta daga garka ba, kuma na yi jinyar masu ita ba ɗaya ba, ba biyu ba.

A Wamakko na tashi, cikin lambuna. Ki juya ganyen waken ki duba da kyau, za ki ga wasu ƙwari ƙanana kamar ƙeya, wato ƙwarƙwata, tururuwa na zagaya su. Darɓa ke nan, ita ke naɗe ganye ta sa shi danƙo. Jajayen naki darɓar suke ci, shi ya sa suke yawa inda ta yi yawa. Wanda ya ƙone su ya kori mai gadi ya bar ɓarawo. Ruwan rawaya kuma kariyarsu ce daga tsuntsu, wanke hannu ya isa. Masu rungume da auduga, wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro ya sa musu ƙwai a jiki. Tsutsar ta fito ta yi saƙa a ƙarƙashinsu, su kuma suna tsaye a kanta. Ina yarinya na kife ɗaya da ƙoƙo har na ga abin ya fito da fukafukai. Ciwonsu ne su kaɗai, ba ya kama ɗan Adam. Ki mayar da su garka.

Kada ki raina Gwaggo. Wadda ta binne yara biyu, duk abin da idonta ya gani a wannan shekarar zai zame mata abin zargi. Ba a yi mata gardama, hannunta za ki kama ki nuna mata ƙwaron yana cin darɓa. A barbaɗa wa waken toka da sassafe, ba sai an kai ga wuta ba.

Tausayinki ba laifi ba ne, kuma kin kyauta da kika ƙi zubar da rubutu. Amma gaba, ki tambayi malamarki kafin ki yi wa kowa rubutu, kuma ruwan da aka tsoma wani abu a ciki ba na ba yaro ba ne.

Inda zan yi miki faɗa shi ne zanen nan. Agana takan fara da zazzaɓi mai kayar da yaro, da ciwon kai da na baya, sannan ƙuraje su fito a fuska da hannuwa. Yarinyar da ke bin awaki da gudu, ƙuraje a wuya da hammata, cikin zafin bazarar Sakkwato, na fi zaton ƙurajen zafi ne, kuma naɗe ta da kike yi ƙara su yake yi. Sai dai zato nake daga nesa, ban gan ta ba. Uwa ce za ta gani. In jikin ya yi zafi ko ƙurajen suka hau fuska, a raba ta da sauran yara nan take, a kira wadda ta taɓa yin agana ta warke ta yi jinyarta.

Saboda haka ban bar amsarki sai Alhamis ba, na ba wadda ta kawo takardar ta komo miki da ita yau. Kina gama karantawa, ki kwance wa yarinyar zane, ki kai ta gaban mahaifiyarku, ki faɗi komai har da tsinken. Za ta yi faɗa, faɗan uwa kuwa ba ya kai la'asar. Allah Ya ba Ladi lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya yi wa karatunki albarka.

Innarki, Zainaba.