Ƙyallayena Da Aka Ƙone A Bakin Kududdufi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaftar Unguwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Malama Binta ta Zaitawa, tsohuwar malamar kimiyya da ta koma zane da rini. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya, shekara huɗu ke nan duk tsayuwar wata nakan tsoma farin ƙyalle a kududdufin bayan gidanmu, in shanya, in rubuta sunan watan a gefe, in ɗinke shi jikin na baya. Na farkon sun fito ja-ja, launin ƙasarmu. Na bana kuwa baƙi ƙirin ne, ga maiƙo, zaren har rududdugewa yake a hannu. Duk wanda ya bi su da ido zai ga yadda ruwan ya lalace, ko bai taɓa shiga aji ba.

Na biyu, ranar Asabar ta tsafta na rataye su a bakin kududdufin. Mata suka yi cincirindo. Baba Ladidi, wadda rijiyarta ta fi kusa da wurin, ta ce sai yanzu ta gane abin da ke sa iyalinta ƙaiƙayi. Ina shiga gida sallar azahar, ma'aikatanka suka sauke su, suka haɗa da bola, suka cinna wuta. Da na tambaya, babbansu ya ce wai tsummokara ne, kuma an gaya musu asiri nake yi wa unguwa. Yanzu akwai maƙwabtan da ba sa amsa gaisuwata.

Na uku, kwatar da ke zubo baƙin mai da ruwan kemikal cikin kududdufin tana nan. Ta gefenta ma'aikatanka suka wuce da tsintsiyoyinsu.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. Ina roƙon a ɗebi ruwan kududdufin da na rijiyoyinmu a kai gwaji, a toshe kwatar, sannan a faɗa gaban mai unguwa cewa aikina ba asiri ba ne. In kana ganin na yi ƙari, ka zo da farar rigarka. In har ka tsoma ko bakin hannunta ne a kududdufin, ka iya mayar da ita jikinka, zan janye ƙorafina.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke amanar da ka ɗauka.

Wassalam.

Malama Binta,
Zaitawa, cikin birnin Kano.