Ka Tashi Daga Inuwar Mai Wuya

Zuwa ga maigidana, Baban Badiyya, sanyin idona, rumfata a tsakar rana, ruwan randata a watan zafi.

Bayan gaisuwa mai yawa, na zaɓi biro duk da hannuna bai gama sabawa da shi ba, domin idan na faɗa maka a waya dariya kake yi.

Ka tuna kakarmu ta farko, da ka kai ni gonarku ta Doguwa? Ka nuna mini falalen da kuke sheƙa a kai, inda iska ke ratsowa tsakanin duwatsu ta kwashe ƙaiƙayi. Ka zaunar da ni a ƙarƙashin dutsen nan mai ƙaton kai da siririyar ƙafa, wanda kuke kira Mai Wuya. Cikin wasa na zagaya wuyansa da mayafina, bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Kana dariya, ni kuwa hasken haƙoranka nake kallo.

Ranar da na kawo muku abinci na sake gwadawa, da mayafin nan dai. Ya haɗu, rabin raina! Ɓawon dutsen ya ɓare a gefe guda, na shafa wurin sai ya marmashe a tafina kamar ƙuli.

Iskar da ke muku sheƙa ita ke cin sa. Tana kwaso yashi ƙasa-ƙasa tana gurzar ƙafarsa, rana ta gasa shi, sanyi ya tsaga shi, kan kuwa nauyinsa na nan. Ka ce tun kakanka yake tsaye. To ai tun kakanka take cin sa! Kai kuma a nan kake shimfiɗa tabarma bayan azahar, a nan Badiyya ke kwanciya a cinyarka idan ta biyo ka. Ko ƙofa ta bugu a nan gida Tudun Wada sai in zaci Mai Wuya ne ya faɗo maka. Wa zai kira ni Safara'una? Me zan ce wa wanda ke cikina?

Don Allah ka mai da tabarmarka gindin ɗorawa. Na san inuwarta ba ta kai ba. Ka dawo mini baƙi ƙirin, rana ta ƙone ka, ina so, ni dai ka dawo da ƙafarka.

Taka ce ni har iska ta gama da duwatsun Doguwa duka,

Safara'u