Takardar da Baba Ya Sa wa Gilashi

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a bari sai an kai ƙarshe kafin a zage ni, ko da yake zagin ma ban sani ba ko zan ji zafinsa.

Ni ɗalibin jami'a ne, ɗan Fagge. Mahaifina atamfa da shadda yake sayarwa, ya sauke Alƙur'ani, amma ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Shekarar da na shiga jami'a kuɗin mai ya zubo ƙasar nan, gwamnati tana ba mu alawus irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Na ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, na sayi takalmi mai tudu, na san kujerun silima na Sabon Gari fiye da na aji. Ƙarshen shekara na faɗi darasi uku. Jami'a ta aiko da takardar gargaɗi, cewa an ba ni shekara ɗaya, in ban gyara ba a kore ni. Ina zaune a shagon Baba aka kawo ta. Ya ga tambarin, ya miƙo mini, ya ce, "Karanta mana mu ji." Na duba, na ce, "Yabo ne, Baba. Sun ce na yi fice." Ko rawa muryata ba ta yi ba. Wane irin ɗa ne wannan?

Washegari ya tasa ni gaba har Sabon Gari, wurin wani Ibo mai ɗaukar hoto, ya ce a sa wa takardar gilashi. Mutumin ya karanta, ya dube ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Aboki, wannan takarda kake so a rataye?" Na ce i. Ya shiga yanka katakon da zai kewaye ta da shi.

Tun ranar tana rataye a saman kan Baba. Duk wanda ya zo ciniki sai ya nuna masa. Akawuna da Yarabawa 'yan kasuwa da suka iya Turanci sukan karanta, su kawar da kai, su ce, "Allah ya sanya albarka, Alhaji." Shi kuma ya ce amin da ƙarfinsa. Mutum nawa suka yi masa dariya bayan sun fita? Ban sani ba.

Takardar nan ce ta mayar da ni aji. Na bar silima, na ba da takalmin kyauta, na je wurin malaman da na faɗi darasinsu ɗaya bayan ɗaya na roƙi su nuna mini inda na ɓata. Daga aji sai laburare. Ba son karatu ba ne, so nake ƙaryar ta zama gaskiya. Makon jiya sakamako ya fito, na ci duka, an janye gargaɗin. Na tsaya gaban allon ina jiran farin ciki, bai zo ba. Na je na sha ruwa a famfo na hau bas.

Wannan karon da takardar sakamakon ta zo, abin da ke rubuce na karanta wa Baba, na dai tsallake layin gargaɗin. Ya ce, "To, ta samu 'yar'uwa." Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai tara abokansa walima, kuma ya gayyaci amininsa Malam Sani, tsohon hedimasta, ya karanta takardun biyu ya fassara wa jama'a. Malam Sani ba ya rufa-rufa. Jiya na tarar Baba ya sauko da gilashin yana goge shi da hannun babbar rigarsa, ya ce, "Wannan ta fari ita na fi so."

In fasa gilashin in ce tsautsayi ne? Takardar tana nan. In ƙone ta, in ɗora wata ƙaryar? In faɗa masa shekara guda yana nuna wa kasuwa abin kunyarsa da yatsansa? Kunya nake ji, amma daga nesa, kamar ta wani ce.

Yau Talata. Me zan yi?