Aljihun Ɓoye a Jakar Auta

Litinin, 4 ga Agusta

Takarda ta zo! An ɗauki Auta a makarantar hafsoshin soja. Ina kan keken ɗinki ina kalmashe bakin siket ɗin wata mata sai Auta ta faɗo shago, ko sallama babu, ta rungume ni ta baya har allura ta karye. Na yi ihun da mai shagon gefe ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Auta fa. Yarinyar da har yau sai na tashe ta sau uku da safe, wai ita ce za ta tsaya gaban ƙarti tana ba su umarni. Na yi murna, wallahi na yi. Sai dai a ƙasan takardar akwai wani layi: makonni shida na farko babu waya, babu ziyara, sai wasiƙa. Wanda aka kama da waya, gida zai koma. Sau biyar na karanta layin nan.

Laraba, 6 ga Agusta

Yaya Saje ya iso da sandarsa. Shekara ashirin da takwas ya yi a soja, ya fito da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwashewa da muryar da ake ji daga bakin titi. Tun ina ƙarama yake ba ni oda, yanzu ya samu sabuwa. Ya ce daga yau Auta a hannunsa take, kada wanda ya sa masa baki. Da "wanda" ni yake nufi, har da nuni da sanda.

Ya karanto mana jerin kayan da za ta tafi da su. Safa, tawul, singileti, man takalmi, buroshi biyu, ambulan da kan sarki, allura da zare. Nan na kwashe da dariya. 'Yar tela, ko maɓalli ba ta iya sawa ba! Baban yara ya ce, laifin wa? Na yi kamar ban ji ba.

Kowane kaya sai an sa masa lambarta, 318. Wannan aikina ne, na ce kar kowa ya taɓa.

Asabar, 9 ga Agusta

Yau gyaran gado aka koya. Sau huɗu tana shimfiɗawa, sau huɗu Yaya yana kifar da katifar ƙasa. Wai kusurwar zanin gado ba ta tashi ba. Baban yara, da yake gyaran agogo ne sana'arsa, ya ɗauko agogon da ya fi ji da shi ya tsaya a ƙofa yana ƙirga mata daƙiƙa, fuska a murtuke kamar alƙalin wasa. Na biyar ta yi shi a minti biyu da rabi. Yaya ya zagaya gadon, ya zagaya, ya rasa abin kushewa, sai ya ce, "To, ba laifi." Auta ta yi tsalle ta faɗa kan gadon ta lalata shi.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Talata, 12 ga Agusta

Takalman soja sun yi mata bororo a dunduniya biyu. Yaya ya ce gara su ci ƙafarta a nan da su ci ta a can, don haka kullum bayan asuba da su take gudu, yana binta a babur yana daka mata tsawa. Yau na bi su da filas ɗin shayi. A kwanar makarantar firamare ya hango ni, ya juyo da babur ya ce, "Ke Tela, a filin fareti wa zai kai mata shayi?" Ya karɓe filas ɗin ya kore ni. Da suka dawo babu ko ɗigo a ciki, kuma ba ita ta sha ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ta tashi da kanta. Ina zuwa tashinta na tarar da gado a gyare. Na daɗe a tsaye a ƙofar.

Asabar, 16 ga Agusta

Abin kunya. Lambar da na fara sawa a tawul, na ga ta yi tsirara da yawa, sai na zagaye ta da ɗan fure da zare ruwan hoda. Ya yi kyau fa. Yaya ya ɗaga tawul ɗin sama ya kira duk gidan. Ya ce in ta shiga da wannan, har ta yi ritaya Hafsa Fure za a riƙa kiranta. Na farke. Farin ƙyalle, baƙin zare, lamba uku, shi ke nan. Kaya arba'in da bakwai, har safa sai da na bi ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma na zaunar da ita koyon sa maɓalli. Ta soke yatsa sau biyu, ta ce, "Umma, ashe aikinki ma yaƙi ne."

Litinin, 18 ga Agusta

Wata da nake wa ɗinki ta zo gwaji, tana ta surutu ina riƙe da allurai a baki. Wai ɗan ƙanwar mijinta ya yi zazzaɓi a irin wannan makaranta, kwana tara, gida ba wanda ya sani. Ban san ko gaskiya ba ne, matar nan akwai ƙari a magana. Amma tana fita na rufe shago na tafi kasuwa.

Na sayo waya. 'Yar mitsitsiya, ba ta fi yatsana biyu ba. Ba don hira ba. Don ko da wani abu. Makonni shida ban ji muryarta ba, ni da tun da na haife ta ba mu taɓa kwana biyu a rabe ba? Su da suka rubuta dokar nan ba su yi naƙudarta ba.

Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Da azahar, shago a rufe, na farke shafin jakarta ta ciki, gefen hagu. Na yi ɗan aljihu, na naɗe wayar a soso don kada ta yi tudu, na mayar na ɗinke. Ko ni da na yi, sai na lalluba nake jin ta. A bakin ƙofar makaranta zan raɗa mata a kunne, lokacin ba halin musu.

Ɗinkin kamfanin jakar nan abin takaici ne. A karkace, zare na tsalle, wani wurin ma sun tsallake. Nawa gefen na yi shi yadda ya kamata.

Asabar, 23 ga Agusta

Asirina ya tonu, kuma hannuna ne ya tona shi.

Yaya ya ce yau za a yi binciken kaya irin na ranar shiga. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Auta ta jera komai, ta ƙame a gefe. Ya duba safa, ya shinshina takalmi, ya ƙirga ambulan. Sai ya ɗauki jakar, babu komai a ciki, ya juya cikinta waje. Ya kalli dama. Ya kalli hagu. Ya sake kallon dama. Sannan ya ɗago ya kalle ni.

Ya ce, "Ikon Allah. Kamfanin nan gefe ɗaya suka ba gwani, gefe ɗaya suka ba makaho."

Ya nemi reza. Baban yara ya miƙa masa, bai san me ake ciki ba, bawan Allah. Wayar ta faɗo kan tabarma.

Yaya bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce shi da ya tsufa bai yi minti ɗaya ba ya gani, balle yaran da aikinsu ke nan daga safe har yamma. Ya ce ba za su tambayi wa ya ɗinka ba. Lambar wa ke jikin jakar, ita za su duba, kuma ni na sa lambar da hannuna.

Auta ta tattara kayanta. Tana wucewa ta gabana ta ce, "Umma, shekara biyu ina neman wurin nan." Ta shige ɗaki.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ta gaishe ni, ta yi wanke-wanke, ta fita gudu. Ban da gaisuwar ko kalma. Baban yara ya ce in ba ta haƙuri. Na ce ni uwa ce. Ya ce ai shi ya sa.

Da na karkatar da ɗinkin nan kaɗan ma... A'a. Ba wannan ne laifin ba, na sani.

Talata, 26 ga Agusta

Ta zo shago da jakar. Na miƙa hannu in karɓa in gyara, ta ce a'a, ita za ta ɗinke, in ba ta allura. Ta zauna a kan bencin masu jira. Na ce mata ki yafe ni, tsoro ne ya yi min yawa. Ban taɓa ce wa ɗan da na haifa haka ba, maganar ta fito da ƙyar. Ta ce ita ma tsoron take ji, kullum, tana ɓoyewa ne don kar in samu abin kamawa. Muka yi kuka kaɗan, sannan muka yi dariya da yawa, don ta kwaikwayi Kawunta yana juya jaka yana cewa ikon Allah.

Ɗinkin da ta yi, Allah ya kyauta. Ya fi na kamfanin muni. Hannuna har ƙaiƙayi yake, amma na zauna a kansa. Ta ɗaga ta ce, "Yanzu ba wanda zai zarge shi."

Mun rubuta adireshin gida a ambulan shida, ɗaya kowane mako, muka manna kan sarki. Na ce saura ta aiko min layi biyu. Wayar kuma na ba mai share mana layin shaguna, ta daɗe tana son ta.

Asabar, 30 ga Agusta

Mun kai ta. Ƙofa babba, iyaye cike a waje, kowa da jakarsa da jan ido. Yaya ya sa tsohuwar hularsa, ya gyara tsayuwa har ya manta da gwiwa. Wani soja ya ce minti biyu na sallama. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu, sai na ji ina cewa ta riƙa shanya safa da kyau.

Ta cikin shingen waya muna hangen teburin bincike. Wani dogo ya zazzage jakarta, ya juya cikinta, ya kalli ɗinkin nan nata ya yamutsa fuska, ya tura mata. A gabanmu aka fito da wani yaro da akwatinsa, babansa na biye yana roƙo. Ban tambayi me aka samu ba. Na riƙe hannun baban yara.

Ita kuwa ta saɓa jaka ta bi layi. Ta juyo sau ɗaya ta yi mana murmushi da duk haƙoranta. A mota Yaya ya ce ƙura ce ta shiga masa ido. Gilas a rufe yake.

Laraba, 3 ga Satumba

Na dafa shayi kofi uku kamar kullum. Na shanye biyu.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wasiƙar farko! Layi huɗu, 'yar banza. An yanke mata gashi, abinci da yawa amma minti bakwai ake ba su, ita ce ke sa wa 'yan ɗakinsu maɓalli. Ita! Na karanta wa duk wadda ta shigo shago yau, har wadda ta zo faɗa a kan rigarta ta tafi tana sa albarka.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ta biyu ta zo, shafi guda cur. A tsakiya ta rubuta:

"Umma, ranar Talata an sa mu rarrafe a taɓo har gwiwata ta fashe, na shiga banɗaki na yi kuka. Da wayar nan tana jikina da na kira ki na ce ki zo ki ɗauke ni, kuma na san da kin zo. Ranar Alhamis na zo ta huɗu a gudu, cikin mu sittin."

Da na zo. Ko mayafi ba zan tsaya nema ba, kuma da yanzu tana ɗakinta tana barci ina jin daɗi.

Wannan ban karanta wa kowa ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Amsa sau uku na rubuta. Ta farko na ce in abin ya yi yawa ƙofar gida a buɗe take. Na yaga. Ta biyu duk maganin gwiwa ce. Ta uku ita na kai gidan waya.

Mai karɓar wasiƙa ya ga adireshin ya ce, ɗanki ne a can? Na ce 'yata ce, ta huɗu a gudu cikin sittin. Ina jin na ɗan ɗaga murya, don har na ƙarshen layi sun juyo.

Ba wani abu na rubuta ba. Gida lafiya, Babanki na gaishe ki, Kawunki ya ce ta huɗu ba ta ɗaya ba ce. A ƙasa na ce, in Talata irin waccan ta sake zuwa, ki yi kukanki ki wanke fuska ki koma layi, kar in gan ki a gidan nan sai ranar da suka sallame ku. Kafin in liƙe ambulan na sake dubawa sau biyu. Rubutuna ne.