Perla da Mai Sandarewa

Litinin, 10 ga Disamba, 2007

Jiya Lahadi abin ya fara, a gidan surukata Doña Cuca, muna tsakiyar cin birria, farfesun akuya. Gara in rubuta shi yanzu tun ban ƙara masa gishiri ba, na san halina.

Tallar nan ce ta zo a talabijin, ta kamfanin fararen kwamfutoci. Wurin bikin Kirsimeti, yarinya mai jan kaya, maza biyu na neman rawa da ita. Mai farar riga yana juya ta kamar ba ya taka ƙasa. Ɗayan mai kwat ruwan toka, wai shi ne irin kwamfutar da ke kowane ofis. Ana tsakiyar rawa sai ya sandare, ƙafa ɗaya a sama, baki buɗe, sai an zo an murɗa masa kunne ya farfaɗo ya sake daga farko: "Barka da yamma, za ki yi rawa da ni?" Har sau uku. Chayo, ƙanwar mijina, sai da ta ƙware don dariya. Ta ce, "Yaya Efra, wallahi kai ne! Mama, murɗa masa kunne mu gani!" Kowa ya san ofishin tallan da Efraín ke aiki dillalan masu ruwan tokar suke yi wa hidima, shi ya sa tsokanar ta yi musu daɗi.

Bai ji haushi ba. Murmushi ya yi irin na wanda ya ɓoye abu a aljihu, ya ce, "Ku dai yi ta yi. Mai kwat ɗin yana da masoya."

Da muka dawo ya wuce kan kwamfuta. Na kai masa kofi, ya yi wuf ya rufe shafin, amma idona ya riga hannunsa. Na ga suna: Perla.

Shekara biyu da aurenmu bai taɓa rufe min komai ba.

Laraba, 12 ga Disamba

Ranar Uwarmu ta Guadalupe. Coci cike, na durƙusa da furannina, bakina na addu'a, zuciyata na ƙirga Perlolin da na sani. Biyu ne, ɗaya ta haura sittin.

A littafin da nake karantawa, da gashi ɗaya a wuyan riga matar ta kama mijinta. Na duba riguna huɗu. Sabulu da ɗigon barkono kawai.

Juma'a, 14 ga Disamba

Na leƙa shagon intanet na Chayo. Ta jawo min kujera: "Zo ki sha dariya, matar yaya." Ashe an ɗora tallar a shafin bidiyo, mutane na ta rubutu a ƙarƙashi. Sun ma raɗa wa mai kwat ɗin suna, Mai Sandarewa. Wani ya ce shekara tara yana aiki da shi, kowace Litinin sai ya murɗa masa kunne. Wani ya ce mai farar riga ya iya rawa, amma kafin ka gayyato shi gidanka sai ka sayar da motarka. Wasu zagin juna kawai suke, kamar kwamfutar ce ta haife su.

Sai Chayo ta ce, "Ga tawa nan, kullum sai ta kare shi. Perla ta Zapopan." Ta karanta da muryar 'yan wasa: "Ni dai a bar min wanda ya taka min ƙafa ya tsaya yana ba ni haƙuri, har waƙar ta ƙare ba mu yi rawar ba. Ɗayan da inuwarsa a gilashin taga yake rawa."

Na ce mata ina da wake a wuta.

Haka muka haɗu da Efraín, a bikin cikar 'yar kawuna shekara sha biyar. Ya taka ni, ya tsaya ba da haƙuri har waƙar ta ƙare. Wato har labarinmu yake ba ta, ita kuma ta yafa shi kamar mayafinta.

Asabar, 15 ga Disamba

Efraín ya ce, "Guntuwa, ba ki da lafiya ne?" Na ce kaina ne.

Lahadi, 16 ga Disamba

Maganar gilashin taga ce ta hana ni sakat. Ba irin maganar Efraín ba ce, shi da ko katin ranar haihuwa sai ya sa hannu kawai. Yana fita wanke mota na sauko da akwatin takalma daga saman kabad, inda na ajiye tsohon kundina mai shuɗin bango, wanda na fara tun ina budurwa ya cika a Oktoba. Wannan sabon kullum yana jakata.

Shafi na tara. Kalma da kalma. Ni na rubuta, a kan wani Ramiro da ya nemi rawa da ni a wannan bikin.

To yaya ke nan? Kai mata yake yi? Ko karanta mata yake a waya tana kwance tana dariya? Na riga na yi mata fuska: doguwa, jan farce, tana shan taba. Ban san me ya sa taba ba.

Da yamma aka fara posada a layinmu, zagayen waƙoƙin Kirsimeti gida-gida. Na riƙe kyandir, na yi waƙa, ban ji ko baiti ɗaya ba.

Talata, 18 ga Disamba

Na ɗana tarko. Akwai rabin shafi da ya rage a ƙarshen shuɗin kundin. Na samo biro irin na da, na sa kwanan watan Oktoba, na rubuta abin da bai taɓa faruwa ba: "Ina son namijin da ke ƙirga taku da leɓɓansa yana rawa, yana zaton ba a gani." Efraín ba ya haka. Ba wanda na sani da ke haka. Na mayar da akwatin, na ɗora zaren gashina ɗaya a kan murfin.

In faɗi gaskiya, na ɗan ji daɗi. Kamar ina cikin littafi.

Alhamis, 20 ga Disamba

Gashin ba ya nan.

Juma'a, 21 ga Disamba

Na biya kuɗin rabin awa a wani shagon, ba na Chayo ba. Ga shi nan, an ɗora jiya da rana, lokacin yana ofis. Taku, leɓɓa, komai. Mata sha ɗaya sun amsa mata, wata ta ce, "Perla, kamar mijina kika gani!"

Na zauna har mai shagon ya zo ya ce lokaci ya cika.

Asabar, 22 ga Disamba

Posada a gidan Doña Cuca. Tun rana muke naɗe tamales, alalen masara, mu shida a kicin. Chayo ta shigo da takardu, wai matan unguwa sun matsa mata sai ta buga musu maganganun Perla. Ta hau kan kujera ta ce, "Ku yi shiru, ta yau ta fi duka."

"Ku yi ta dariya. Ranar da na yi ɓari mijina ya sandare a bakin gado, awa uku bai ce uffan ba, hannunsa a kan ƙafata. Ba wanda ya murɗa masa kunne. Amma bai tashi ba."

Doña Cuca ta share ido da bayan hannu, ƙullu duk a kumatunta, ta ce, "Allah Sarki. Wannan yarinya ta san aure." Sai ta juyo gare ni: "Yareli, 'yata, kin ji ko? Ku da ba ku ga komai ba tukuna."

A watan Maris ne na yi ɓarin. Cikin wata biyu da kwanaki. Ba mu gaya wa kowa ba, ko Mamata. Ni da shi ma ba mu sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Takarda kaɗai na gaya wa.

Na ci gaba da naɗe tamales. Na naɗe sha huɗu, na ƙirga.

Lahadi, 23 ga Disamba

Da safe na ajiye shuɗin kundin kusa da farantinsa, na zauna. Ya dube shi, kunnuwansa suka yi ja.

Na ce, "Wace ce ita?"

"Wa?"

"Kada ka mayar da ni sakarya, Efraín. Wace ce Perla, kuma tun yaushe kake kai mata rubutuna?"

Sai ya yi dariya! Dariyar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "Haba Guntuwa, abin da ke cin ki ke nan? Babu wata Perla. Ni ne Perla."

Ba na iya tuna duka a jere. Wai tun da tallar ta fito dillalan suka rikice, kowa na yi musu dariya ana gab da cinikin Kirsimeti. Maigidansu ya raba musu aiki su huɗu, kowa ya buɗe sunaye ya shiga cikin masu kallo ya kare Mai Sandarewa, kamar mutanen gari ne. Shi aka ba shi sunayen mata. Mata bakwai. Akwai nas, akwai kaka mai jikoki tara, akwai Perla. Ya ce, "Nawa rubutun kamar takardar bayanin magani, ba mai amsawa. Ina neman tsofaffin takalmana na ga akwatin. Shafi ɗaya na ce zan duba."

Na ce, "Ka karanta Maris."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce sai ranar ya san yadda na ɗauki shirunsa, shi duk watannin nan zato yake na raina shi don ya kasa magana. Ya ce a banɗakin ofis ya yi kuka.

Na ce, "Ka yi kuka, ka wanke fuska, ka dawo ka ƙara maganar kunne. Babu kunne a nawa."

"Sai an haɗa shi da tallar ne, Guntuwa. Haka aikin yake. Kuma ba wanda ya san ke ce."

"Ni na sani. Mamarka ta yi min wa'azi da shi da ƙullu a fuska."

Kwana goma sha huɗu ina shirya abin da zan gaya wa wata mata. Har marin na shirya. Yanzu babu wadda zan mara.

Talata, 25 ga Disamba

Ya ba ni 'yan kunne. Na ba shi rigar sanyi. Tallar ta zo sau biyu muna gidan Doña Cuca, Chayo ta murɗa masa kunne, ya yi wai ya sandare, kowa ya yi dariya. Ya iya.

Ya kamata in ji sanyi a raina, babu wata mace. Ina ta jiran sanyin.

Alhamis, 27 ga Disamba

Abu ɗaya na roƙa. Na ce ya goge Perla yau, duka, musamman ta Maris. In ya yi haka zan yi ƙoƙari in manta, har na rantse masa.

Ya kama hannuna biyu. Ya ce zai goge, wallahi zai goge, amma in bari sai bayan ranar Sarakuna Uku, shida ga Janairu, ranar da aikin ke ƙarewa. Maigidansu Perla yake nuna wa dillalan, ta fi duk sauran sunayen samun amsa, in ta ɓace yanzu za a tambaye shi dalili. Sai ya ƙara, yana kallon tebur, wai suna so su sa wata ta karanta ta Maris ɗin a rediyo.

"Ban amsa musu ba tukuna."

Na ce, "Tukuna."

"Kwana goma ne kacal, Guntuwa. Me kwana goma za su rage ki da shi?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Tambaya yake da gaske.

Juma'a, 28 ga Disamba

Na ɗauko littafina in ƙarasa, saura babi uku. Mijin ya durƙusa cikin ruwan sama yana neman gafara. Da can nan ne nake kuka. Yau sai na kama kaina ina tunanin wa ya ba marubucin wannan maganar, kuma ko ta sani.

Na sa shi cikin jakar da zan ba Chayo.

Lahadi, 30 ga Disamba

Na sake dubawa da safe. Ta Maris tana nan. Amsoshi sun haura ɗari biyu. Wata mata daga Tonalá ta rubuta cewa ita ma ta yi ɓari, nata mijin ya tashi ya fita. Na so in amsa mata, sai na rasa da wane suna.

Ba fushi nake ba, ina jin ba fushi ba ne. Jiya ya shigo ɗaki ina rubutu, hannuna da kansa ya rufe shafin, ya kuma gani. Na dafa masa wake na kwana uku, na goge rigunansa. Kundayen biyu suna cikin jakata.

Na kira Mama a Colima na ce ta gyara min ɗakina. Ta ce, "Ku biyu?" Na ce ni kaɗai. Motar ƙarfe tara zan bi gobe, kuma tikitin zuwa kawai na saya.