Yatsan da Na Ara wa Buhari

Zuwa ga Kulu, uwar ɗiyana. Bayan sallama da gaisuwa irin ta Musulunci, Allah ya kai haske makwancinki. Malamin ƙofar gidanmu ke rubutawa, ni ke faɗi, don kin san har yau ban iya ba.

Labarin angonki ne, jikanmu Buhari. Bayan rasuwarki hukuma ta ɗebi samari zuwa Sakkwato koyon aikin kafinta, har da shi. Na ce kada ya tafi, ba a ji ba. Can zarto ya cire mishi babban yatsan dama. Ya dawo Illela da hannu naɗe da tsumma, ko fartanya ba ya iya riƙewa.

Sai ga takarda, wai za a biya shi diyya, amma sai an dangwala yatsa a tawada. Yatsan da suke so kuwa shi ne wanda zarton ya ci. Sunka ce to, kakansa ya dangwala.

Kin tuna rantsuwata. Tun shekarar da na dangwala musu, anka wayi gari gonarmu ta arewa ta koma ƙasar Faransa, na dafa Alƙur'ani ba ni ƙara taɓa tawadar Nasara. Har yau ban yafe gonar nan ba. Ke ce kullum kike cewa, "Malam, kai da dutse ban san wa za shi fara laushi ba."

Damina guda takardar tana soke a rufin ɗaki. Yaron bai taɓa roƙona ba. Rannan na iske shi bakin tafkin Kalmalo yana koyon ɗaure igiya da haƙori. Ya ce, "Tsoho, mi kake kallo? Kai mai yatsa goma mi ka ɗaure?" Na yi dariya, na koma gida na kasa cin tuwo.

Malamai sun ce rantsuwa tana da kaffara. Na yi azumi uku, na tafi na dangwala. Da ƙarfi ma, har takardar ta huje, malamin ofis ya harare ni.

Diyya ta fito. Yanzu Buhari na da jakai biyu, yana kai albasa Ƙonni, can ƙasar Faransa. Ta gefen gonar tamu yake bi, wai geron bana ya yi kyau. Ko wa ke nomanta, oho.

Allah ya jiƙan ki, Kulu, ya sa wa jakan nan albarka, ya gama mu a Aljanna. In mun gamu kada ki yi mini dariya. Tawadar ba ta gama fita daga farcena ba.

Naki, tsohon nan da kika bari,
Mamman