Inna, Kwanon Mama Ladi Ya Koma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Dilimi kowa lafiya, sai sanyin nan na Jos da ya hana ki rabuwa da safa har kika bar duniya. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma yau ina da labarin da ke nake so in fara ba, sauran jama'a su tsinta a bayanki.

Kin tafi ba ki gama yarda da aikina ba. Kullum sai ki ce, "Wai Rakiya, duk karatun nan, ƙarshensa hira za ki riƙa yi da mutane?" To, har yanzu hirar nake yi, Inna. Ina zama da waɗanda damuwa ta danne, in saurare su, mu lalubi mafita tare. Tun bayan rikicin da ya hargitsa garin nan aikin ya ƙaru, har gida-gida nake bi.

A nan na haɗu da wata baiwar Allah da zan kira Hajara. Ba sunanta ba ne, kuma sai da ta amince na rubuta. Mai tuyar masa ce. A da suna haya a Jos Jarawa ita da mijinta, mahauci a mayankar Abattoir. Ranar da gari ya rikice ya fita aiki, bai dawo ba. Ita da yaranta suka tsira, yayanta ya kawo su gidansa a unguwarmu. Tun shigarta gidan ba ta ƙara leƙa ko zaure ba. Ya sayo mata sabuwar tanda, tana nan jingine a bayan ƙofa.

Sai dangin mijin suka aiko cewa idan Babbar Sallah ta wuce tana haka, za su zo su tafi da yaran. Ban ga laifinsu ba, sun ga yara suna ramewa. Amma na san in aka raba ta da su, ɗan abin da ya rage mata ya tafi. Wallahi na ji tsoro, Inna.

A wajen horo an koya mana wata dabara: a riƙa sa mai damuwa ya tuno abubuwan da yake godiya a kansu, komai ƙanƙantarsu, don zuciya ta saba ganin wani abu ban da baƙin ciki. Na kwaso ta da zafinta na kai wa Hajara. Duk lokacin da na tambaye ta, sai ta kalli bango ta ce alhamdulillahi, komai lafiya. Kin san halinmu. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ki ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Wanda ya ƙirƙiro dabarar nan da alama bai taɓa zaman makoki a Dilimi ba.

Da kyar wata rana ta buɗe baki. Ta ce duk wanda ya shigo, abin da yake ce mata ke nan, ki gode wa Allah kin tsira. Har ta kai in kuka ya zo mata sai ta haɗiye, don kada ta zama mai butulci. Ashe ni ma da na zo da tawa tambayar, cikin sahunsu ta saka ni. Na ajiye dabarar gefe, na ce ta yi kukanta, Allah Ya san tana godiya. Mun daɗe ba abin da muke yi sai wannan.

Akwai wani kwano mai murfi a kan akwatinta, fentinsa ya fara ɓarewa. Kullum a wanke yake tas, kuma ba mai ci a ciki. Da na tambaya, sai ta ce na Mama Ladi ne, tsohuwar da suka yi haya a gidanta. Ranar rikicin ita ta ɓoye su a ɗakin ajiyar accarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba kowa ciki. Da motar sojoji ta zo kwasar mutane, ta zuba abinci a kwanon ta miƙa mata saboda yara. Hajara ta hau mota ko sallama ba su yi ba.

Nan take kika faɗo mini a rai.

Na tuna yadda in maƙwabta sun aiko mana da abinci, kwanonsu ba ya komawa haka nan. Ko ƙuli-ƙuli ne sai kin jefa a ciki. Kuma ba aike kike yi ba, mayafi kike ja, ki ce, "Tashi ki sa takalmi, ba a gode wa mutum daga zaune." In bi ki ina turo baki, don na san godiyar minti ɗaya za ta koma hirar wuni.

Sai na canza tambayar. Na daina tambayarta me take godiya a kai, na tambaye ta wa take jin ba ta gode wa ba. Ba ta kalli bango ba ranar. Kwanon ta kalla.

Ban matsa mata ba. Yayanta ya bincika a kasuwa, aka ce tsohuwar na nan da ranta, hanya kuma lafiya lau. Muka fara gwada fita da zaure, daga baya bakin titi. Wata rana ƙarar acaba ta sa ta juya da gudu, na ce a raina shi ke nan, mun koma baya. Da na dawo sai na tarar ta jiƙa shinkafa. Ta ce ai ba za ta mayar wa mutane kwano ba komai ciki ba. Da ƙafarta ta kai niƙa.

Ranar tafiyar ta toya masa, ƙamshi ya cika gida, yaran suka tsaya kallonta kamar baƙuwa. Muka shiga tasi, ta ƙanƙame kwanon a cinya. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma rabona da ɓangaren can an daɗe.

Mun sami Mama Ladi a tsakar gida tana tsince acca. Ta ɗago, ta saki faifan, ta ce, "Hajara! Kai ne? Na ɗauka kwano na ya yi aure a Dilimi!" Kin san Hausarsu, mace da namiji duk kai ne. Suka rungume juna suna kuka, ni mai aikin rarrashi na fi su. Ashe ita ma duk tsawon lokacin nan ba ta san ko sun isa da rai ba. Ta ce ba Lahadin da ba ta ambaci sunayen yaran a coci ba.

Da za mu tafi, ta juye masar, ta wanke kwanon, ta cika shi da gwaten acca, ta sake ɗora wa Hajara a hannu. Hajara ta ce ai kawo shi ta yi. Tsohuwar ta ce, "In ka cinye ka dawo mini da shi da kanka, kar ka aiko kowa."

Dangin mijin sun zo bayan Sallah kamar yadda suka ce. Sun tarar da ita a ƙofar gida gaban tanda, ta dawo daga raka yara makaranta. Suka zauna, suka ci masa, suka sa albarka, suka koma su kaɗai. Ranar na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ba cewa nake ta warke sarai ba. Har yanzu in taya ta fashe tana zabura, kuma muna ci gaba da zamanmu. Amma yaranta na gabanta, kwanon kuwa na kasa gane na waye yanzu, don bai cika mako a gida ɗaya ba.

Saura naki kwanon, Inna. Kin cika shi kin miƙo mini tun ina turo baki, ga shi na sa takalmi, amma babu ƙofar da zan je in yi sallama. Ina kewarki ƙwarai. Abin da nake da shi na zubawa a ciki addu'a ce.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki. Ya jiƙan mijin Hajara da duk wanda ya fita bai dawo ba. Ya saka wa Mama Ladi da alheri, Ya zaunar mana da Jos lafiya. Amin.

Na gode, Inna.

'Yarki mai hira,
Rakiya